Wuƙar Da Ba Ta Yanka

Ƙarar na fara ji kafin in ga mai yin ta. Ƙyar, ƙyar, sai shiru, can kuma sai ƙyar. Duk wanda ya taɓa zama kusa da madafi ana kankare ƙanzo a gindin tukunya ya san irin ƙarar nan, sai dai wannan ta fi laushi, kamar mai kankarar tana tsoron tada jariri. A cikin lambun fadar La Roche-Guyon muke, ni da wani abokina mutumin Damagaram da ya daɗe yana zaune a Mantes-la-Jolie. Shi ya ɗauko ni a motarsa ranar wata Asabar cikin Satumba, ya ce tunda kullum ina ƙorafin hayaniyar Paris, in zo in ga ƙauyen Faransa. Muna karya kwana bayan wani layin itatuwa sai ga wata dattijuwa a tsaye, malfa a ka, rigar aikinta duk dabbaren fenti. Gabanta wani katako ne mai ƙafa uku, an jingina masa farin ƙyalle mai kauri da aka ɗame a jikin firam. A hannunta na dama wuƙa, a na hagu tsumma. Da wuƙar take zana fadar.

Hausa tana da wani ɗan wasa a nan da ban taɓa lura da shi ba sai ranar. A rubuce, zanen da ake ɗaurawa da zanen da ake yi da alƙalami kalma ɗaya ce, baki ne kawai ke raba su. To ga mace tana zane a kan zane. Na faɗa wa abokina, ko murmushi bai yi ba, hankalinsa na kan wuƙar.

Wuƙa dai a suna. Da za a ba ka ita ka yanka albasa, da ranar an kwana ba miya. Ruwanta bai wuce tsawon yatsa ba, falle ɗaya kamar takarda, ba kaifi ko kaɗan, in an danna ya lanƙwashe, in an saki ya miƙe. Tsakanin ruwan da mariƙin akwai wuya mai gwiwa, an yi shi haka ne don kada gaɓoɓin yatsu su dangwali ɗanyen fenti. A akwatinta na hango wata miƙaƙƙiya mai dogon ruwa, ita aikinta cuɗa launi a kan allo. Wannan ce uwar wuƙaƙen, masu zane sun daɗe da ita a matsayin kayan haɗi da share allo, kafin wasu su yi ƙarfin halin kai ta jikin ƙyallen da kansa.

"Malam," in ji abokina ƙasa-ƙasa, sai ka ce dattijuwar Hausa take ji, "wannan ai cokalin birkila ne aka haifa masa ɗa. Madam yaɓe take yi." Kakansa magini ne a unguwar Birni, yana yaro ya sha miƙa masa curin ƙasa. Ya ce in bar kallon yatsunta in kalli hannun, daga gwiwa motsin ke tasowa: a ɗebo, a ɗora, a ja sau ɗaya, a ɗaga. Ya ce duk maginin da ka ga yana komawa kan yaɓensa sau biyu sau uku yana lallashi, ka jira bangon ya bushe, zai tona masa asiri.

Ni kuwa tsumman ne ya ɗauke mini hankali. Duk shafa ɗaya da ta yi a jikin ƙyallen, sai ta kai wuƙar cikin tsumman ta murza, ta juya ta murza ɗaya gefen, sannan ta koma allo. Na soma ƙirgawa a zuci, na kai ashirin da wani abu na bari, don ko sau ɗaya ba ta tsallake ba. Idan aka auna lokacinta, wanda take ɓatarwa wajen gogewa ya fi wanda take shafawa. Hannun hagun nan da ba wanda ke kallo, shi ne bai huta ba. Tsumman tsohuwar rigar sanyi ce da aka yayyaga, ya ɗauki launuka har ya rasa nasa, ya zama ruwan kwata.

Da ta lura da mu abokina ya gaishe ta da Faransanci, ya nemi izinin mu ɗan tsaya. Ta ce mu tsaya mana, amma mu kauce mata daga hanya. Na duba ban ga hanya ba, ciyawa ce ko'ina. Sai da ta ajiye wuƙar ta soma tafiya da baya, idonta a kan zanen, sannan na ga cewa ciyawar bayanta ta kwanta, ta yi wata 'yar siririyar turba da ƙafarta ta fitar tun safe. Taku goma. Ta tsaya, ta runtse ido rabi, ta kalli zanen, ta kalli fadar, ta sake kallon zanen, ta dawo ta ɗora farin fenti kamar ƙwayar gyaɗa a wuri ɗaya, ta goge wuƙa, ta sake komawa da baya.

Na roƙi abokina ya tambaye ta dalilin gogewar nan da ba ta ƙarewa. Amsarta gajera ce. Buroshi gashi ne, yana riƙe launin da ya ɗauka ɗazu ya kai shi cikin na yanzu, sai an wanke shi da kyau yake saki. Wuƙa ƙarfe ce tsirara, murza ɗaya ta koma sabuwa, shi ya sa launin da ta ɗauka a allo shi yake sauka a ƙyalle, ba gauraye. Kuma tana iya ɗora ɗanyen fenti a kan ɗanye ba tare da ta tada na ƙasan ba, muddin sau ɗaya aka ja. In aka ja na biyu sun fara cuɗanya. In aka ja na uku, ta nuna tsumman da haɓa. Abokina ya kalle ni irin kallon nan na ai na gaya maka.

Na matsa kusa, kusan hancina a jikin zanen. Babu fada, babu dutse, babu sama. Abin da ke gabana tudu da kwari ne na fenti mai maiƙo, kamar an shafa man shanu a burodi da gaggawa. Wani wurin ya yi santsi yana ƙyalli inda cikin wuƙar ya bi, a gefensa kuma ga 'yar kunya ta tashi inda fentin ya tsere daga bakin ƙarfen. Wani wurin wuƙar ta yi tsalle ta bar ramuka, ana hango ruwan ƙasar da aka fara shimfiɗawa a ƙasa. Inda na tabbata bango ne fari, na ga rawaya, na ga ruwan hoda, na ga shuɗi mai haske, farin tsantsa kaɗan ne. Sai na bi turbarta da baya. A taku na huɗu abin na nan a hargitse. A na shida wani abu ya fara taruwa. A na goma ga fadar tsaye, rana na dukan gefenta, har ina jin kamar zan iya faɗin ƙarfe nawa ne. Na sake matsawa ta watse, na ja da baya ta dawo. Sau uku na yi haka, kamar yaron da aka ba madubi, har dattijuwar ta yi dariya.

Ita fadar kanta, daga lambun, hawa biyu ce a ido. A ƙasa ga babban gida mai dogayen tagogi da rufin baƙin dutse, ya manne da gindin wani tsauni na alli, fari fat. Alli na gaske, irin wanda malamin firamare ke rubutu da shi, sai dai nan dutse ne guda da kogin Sen ya yanka ya bar shi tsaye, da layukan baƙin dutsen ƙyastu a jikinsa jefi-jefi. A can ƙoli kuma ga hasumiyar tsaro, kewayayyiya, ba ado, tun ƙarshen ƙarni na 12 take wurin. Ba don sha'awa aka ɗora ta ba. Tun shekarar 911 ƙaramin kogin Epte, da ke faɗawa cikin Sen kaɗan gaba da nan, shi ne iyaka tsakanin ƙasar sarkin Faransa da Nomandi, kuma a zamanin da aka gina hasumiyar mai mulkin Nomandi shi ne sarkin Ingila. Wanda ke saman dutsen nan yana ganin duk abin da ya bi kogin.

A zanen dattijuwar, wannan hasumiya mai shekara 800 shafa uku ce. Ɗaya mai haske ta gefen rana, ɗaya mai shunayya ta gefen inuwa, sai ɗaya a kwance da ta datse kanta. Ta ukun ta ba ni dariya daga baya, da na karanta a jikin allon bayani cewa a 1793, lokacin juyin juya halin Faransa, an ba da umarnin a rage wa hasumiyar tsawo, aka sauke mata kusan kashi ɗaya cikin uku. Ashe datsewar ba daga wuƙar Madam ta fara ba. Tagogin gidan ƙasa kuwa, da na gaji da ƙirgawa, ba ta zana ko ɗaya ba. Gefen wuƙar ta dangwala a shuɗi mai duhu ta ɗan tattaɓa a jere, wasu ma ta tsallake. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: daga taku goma ba wanda zai ce taga ta ɓata.

Ban san cewa wuƙa ta riga ta zo ƙauyen nan ba sai da ita ta faɗa. Ta nuna wajen dandalin garin da mariƙin wuƙar, ta ambaci Pissarro. Wajen 1867 Camille Pissarro, wanda aka haifa a tsibirin Saint Thomas na Karibiyan a 1830, ya zana dandalin La Roche-Guyon da fenti mai kauri da ya shimfiɗa da wuƙa, zanen yana birnin Berlin yanzu. Launukansa masu duhu ne, gidajen kamar an gina su da fentin ne. A lokacin abokinsa Paul Cézanne shi ma wuƙar yake riƙe: a 1866 ya zaunar da kawunsa Dominique ya zana shi sau da dama, yau da rigar lauya, gobe da ta ɗan zuhudu, duk da wuƙa, fentin jibge a fuska kamar laka. Su biyun kuwa sawun Gustave Courbet suka bi, mutumin Ornans, wanda ya taso cikin duwatsu kuma ya gano cewa in ana son dutse ya yi kama da dutse, ƙarfe ya fi gashi iya faɗinsa. Da ita ya yi tsaunuka, da ita ya yi kumfar teku, masu sukar zane na zamaninsa suna yi masa ba'a da cewa aikin birkila yake yi. Abokina da ya ji wannan sai ya gyara tsayuwa.

A nan sai in faɗi abin da ke raina. A kasuwar zane ta yau, wuƙa da sunan su Pissarro da abokan tafiyarsa, waɗanda zan kira 'yan kallon farko, sun zama ɗan juma da ɗan jummai. Duk inda aka jibga fenti ja da rawaya aka yi titi mai ruwan sama da masu lema, sai a laƙaba masa sunansu a rataye a zauren otal. Yawancin irin waɗannan, a ganina, shayi ne da sukari ya yi wa yawa. Gaskiyar tarihi ita ce manyan 'yan kallon farko da buroshi suka yi suna. Claude Monet, wanda zanensa na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre ya jawo musu sunan a baje kolin 1874, da wani ɗan jarida Louis Leroy ya ɗauki kalmar da ke cikin sunan zanen ya mayar da ita abin zolaya, da gajerun shafe-shafen buroshi ya yi kusan duk aikinsa. Fadar nan tana tsakanin gidajensa biyu: Vétheuil, inda ya zauna daga 1878 zuwa 1881 kuma inda matarsa Camille ta rasu, yana 'yan kilomitoci ta sama, Giverny, inda ya koma a 1883 har mutuwarsa a 1926, yana 'yan kilomitoci ta ƙasa. Ya zana ƙauyen nan fiye da sau ɗaya. Renoir ya yi bazarar 1885 a nan, Cézanne ya zo masa baƙunta. Shi kansa Pissarro, wanda shi kaɗai ne ya shiga dukan baje koli takwas na ƙungiyar daga 1874 zuwa 1886, ɗaukar wuƙar yake ya ajiye, ya sake ɗauka a tsakiyar shekarun 1870, daga baya ya koma buroshi.

Amma ba zan ce haɗin ƙarya ne ba, tunda na tsaya na gani. Abin da waɗancan ke bi shi ne haske kafin ya gudu, kuma su ajiye launi kusa da launi ba tare da sun cuɗa ba, su bar idon mai kallo ya yi cuɗin da kansa. Wuƙa ta iya duka biyun. Tana da sauri, shafa ɗaya ta rufe abin da buroshi zai yi goma. Kuma ba ta iya ƙananan abubuwa ba, ko ka so ka zana ƙusar ƙofa ba za ta yarda ba, dole ka tsaya a kan abin da ido ya fara cafka.

Akwai wani ƙaramin abu a akwatinta da ya fi wuƙar tasiri a wannan labari, wato bututun fentin, irin na man goge baki, duk sun lanƙwashe an nannaɗe gindinsu. Wani Ba'amurke mai zane da ke zaune a Landan, John Goffe Rand, shi ya ƙirƙiro bututun kuza mai matsuwa a 1841. Kafin nan a mafitsarar alade ake ɗaure fenti, a huda da ƙusa a matso, sauran ya bushe ko ya fashe a jaka. Bayan shekara biyu, a 1843, aka buɗe layin dogo daga Paris zuwa Rouen, ya bi ta Mantes da Vernon. Fenti ya shiga aljihu, kogi ya zo kusa. Ba mamaki da gaɓar Sen ta cika da masu malfa.

Muka bar ta muka tsallaka titi zuwa fadar. Abokina ya ce mu hau hasumiya, na ce ai ga ta nan kusa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hanyar hawan a cikin dutsen take, rami ne aka sassaƙa a cikin allin, matakala sama da 200, wasu dogaye wasu gajeru, tsakiyarsu ta lotsa saboda sawu. Ina hawa ina dafa bango ina haki, sai tafin hannuna ya ji wani abu da idona bai gani ba a duhun. Bangon ba sumul yake ba. Sara ne a jere, kowane da ɗan kwarinsa da ɗan tudunsa, inda bakin ƙarfen wani ma'aikaci ya shiga ya fita. Na kunna fitilar waya na kwantar da haskenta a jikin bangon, sai ga saran sun tashi da inuwarsu, ɗaya bayan ɗaya, duk sun karkata gefe guda. Mai yin su da hannun dama yake aiki, in ji abokina, ya gwada da hannunsa a iska. Sunan masu gidan na rubuce ko'ina a ƙasa, iyalin La Rochefoucauld, waɗanda gidan ya shiga hannunsu ta hanyar aure a 1659 kuma har yau nasu ne, kodayake hukuma ke kula da shi. Wannan mai saran kuwa, karkatar hannunsa kawai ya bari. Da na fito haske na ga kafaɗar rigata ta yi fari.

A tsakiyar hawan akwai ɗakin tantabaru, shi ma a cikin dutsen aka fafe shi, bangonsa duk ramuka, sun fi 1,000. Mai kiwon tantabara a Fagge ko Tudun Wada zai tsaya nan ya yi shiru. A tsohuwar Faransa babban ɗakin tantabaru gata ne na masu sarauta: su ci 'ya'yan shila, su kwashe kashin su kai lambu, tantabarun kuma su sauka a gonar talaka su ci hatsi ba shi da ikon taɓa su. Ƙorafin ya yi yawan da a watan Agustan 1789 wannan gata yana cikin waɗanda aka soke. Yanzu ramukan wayam, sai iska.

Ɗakunan gidan ƙasa ma kusan wayam suke, don an yi gwanjon kayan ciki da littattafan a 1987. Na wuce su da sauri. A babban zaure ne kawai na ɗan tsaya gaban manyan saƙaƙƙun labule huɗu na masaƙar Gobelins masu labarin Esta na Littafi Mai Tsarki, waɗanda aka sayar aka kuma dawo da su. A ƙarni na 18 uwargidan da ake kira Duchesse d'Enville tana tara masana a nan, irin su Turgot da Condorcet. A 1944 kuma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Rommel, babban kwamandan Jamus, ya mayar da gidan hedikwatarsa, sojojinsa suka ƙara fafe dutsen suka yi maɓoya. Ranar 6 ga Yuni da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Nomandi ba ya nan, ya tafi gida Jamus bikin ranar haihuwar matarsa. Bangon ramukan Jamusawan ma na shafa. Kowa ya zo sai ya ɗan ƙwaƙule dutsen nan, don alli ba ya gardama.

Daga ƙolin hasumiyar ne lambun ya nuna fuskarsa. A ƙasa muna ta yawo a cikinsa ban ga komai ba sai layin itatuwa da kunyoyin kayan miya. Daga sama sai ga murabba'i huɗu manya, kowanne an tsaga shi gida takwas masu kusurwa uku, kamar aikin hula. Ya fi hekta 3, an sake shimfiɗa shi ne a 2004 bisa taswirarsa ta 1741, da ɗaruruwan itatuwan tuffa da na ɗan'uwanta mai siffar ɗan gora da Faransawa ke kira fuwar. Bayansa kogin ya yi gwiwa, wani dogon jirgin dakon yashi na tafiya kamar ba ya so. Na nemi dattijuwar. Da ƙyar na gano ta: ɗigon rawaya na malfa, ɗigon shuɗi a ƙasansa, ɗan fari a gabanta. Ina kallo ɗigon ya rabu da farin ya ja baya, ya tsaya, ya dawo.

Da muka sauko la'asar ta yi, rana ta koma yamma. Muka tarar da ita ta kwantar da wuƙar a gefenta tana kankare bangon fadar gaba ɗaya daga zanen. Ƙarar da na fara ji ke nan da safe, ashe ba ta shafawa ba ce, ta cirewa ce. Aikin da na yi ta matsawa ina ja da baya dominsa, ja uku ya tafi, ya bar wani dishi-dishin launi a jikin saƙar ƙyallen. Na ce wa abokina ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce hasken ya tashi daga inda ta bar shi, inuwar hasumiyar ta sauko, bangon safe ba zai zauna da saman yamma ba. Ba ta nuna wani ɓacin rai ba, kamar mai share tsakar gida.

Abin da ta kankaro ba ta zubar ba. Ta buɗe wata 'yar kwalbar jam ta goge shi a bakinta. Kwalbar ta kusa cika da wani fenti toka-toka mai ɗan ɗumi, tarin duk abin da ta cire a zanukan bazarar nan. Da shi take shimfiɗa ƙasan sabon ƙyalle. Wato ruwan ƙasar da na hango ta cikin ramukan da safe, ragowar wasu ranakun ne da ba su yi ba. Fenti da tsada, in ji ta, wuƙa kuma ci gare ta, abin da buroshi zai yi mako da shi ita yini ɗaya ta lashe, musamman fari. Farin da take amfani da shi na titaniyam ne, wanda bai shigo kasuwa ba sai wajen 1920. Su Monet da farar dalma suka yi aiki, mai guba.

Cikin abin da bai kai rabin awa ba ta mayar da bangon, wannan karon da ruwan goro a ciki. Yanzu da ranar ta kwanta tana dukan zanen ta gefe, sai na ga abin da safiya ta ɓoye. Kowace kunyar fenti ta yi 'yar inuwarta ta gaske, siririya kamar zare, irin wadda fitilar wayata ta tayar a cikin ramin. Zanen yana da hasken da aka zana masa, yana kuma da wanda yake karɓa daga ɗakin da za a rataye shi, don haka fuskarsa ta safe daban da ta dare. Na ɗauki hotonsa da izininta. Da na duba wayar sai na ga abu a shafe, lami, kamar tambarin gwangwanin biskit. Na goge hoton.

Ta soma haɗa kaya. Zanen ba a jingina shi da komai, ba a rufe shi. Fentin mai ba bushewa yake kamar ruwa ba, iska yake sha ya daskare a hankali daga waje zuwa ciki, kuma mai kauri irin wannan sai ya yi kwanaki kafin ya yi fata, ya yi watanni kafin cikinsa ya ƙanƙame. Ta ce ba za ta shafa masa man ƙyalli ba sai baɗi war haka. Ta ɗauke shi a kwance bisa tafukanta biyu, kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, abokina ya karɓar mata katakon da akwatin.

Muna tafe zuwa motarta na hango wani baƙin ɗigo a saman zanen, dama da hasumiyar. Ɗan ƙwaro ne, ƙarami bai kai sauro ba, ya faɗa cikin shuɗin ya maƙale, fiffike ɗaya na motsi. Na kai yatsa zan nuna mata, ta janye tiren da sauri har malfarta ta karkace. Ta ce a bar shi. In aka cire yanzu sai an ɓata rabin saman, in ya bushe da bakin allura za ta ɗauke shi, in ma ta tuna. Ta ce akwai zanen Monet na bakin teku a Trouville, na 1870, da ke Landan, har yau da yashin ranar a cikin fentinsa.

Ta shimfiɗa zanen a bayan motar, ta tokare shi da takalman lambu ta gefe biyu don kada ya zame. Sannan ta zaro wuƙar daga aljihun rigarta, ta duba ta a hasken da ya rage, ta ga ɗan ruwan goro a gwiwar wuyan. Ta nemi tsumman ba ta gani ba, yana cikin akwatin da abokina ya riga ya rufe. Sai ta goge a cinyar wandonta.